Wanke Jikin Tsohuwar Rediyo Ba Tare da An Ɓata Robarta Ba

Tambaya: Mahaifina ya rasu ya bar mini rediyonsa ƙirar National Panasonic, wadda ya saya tun shekarun 1970, kuma har yanzu tana kama tasha. Sai dai jikinta ya yi dauɗa ƙwarai: baƙar robar ta koma toka-toka, ƙura da maiƙo sun cika ramukan lasifika da maɓallan murɗawa, gilashin da ke nuna mitoci ya dushe, gidan batir kuma ya yi wani farin gari. Wani abokina ya ce in goge ta da fetur ko tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, nan take za ta koma sabuwa. Ina tsoron kada in ɓata ta. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Tsoron da kake ji yana bisa hanya, kuma shawarar abokinka, ko da ya bayar da ita da kyakkyawar niyya, ita ce hanyar da ta fi kowace saurin lalata irin wannan rediyo. Kada fetur, ko tina, ko man goge jan farce, ko kananzir su taɓa jikinta, haka ma maganin sauro na fesawa da turaren feshi. Dalili shi ne, yawancin rediyoyin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa gaba an yi jikinsu ne da wata roba mai suna folistirin, ko 'yar'uwarta da ake kira ABS, kuma waɗannan ruwaye narkar da su suke yi. Idan ka taɓa ganin yadda ake jefa farin kumfan nan da ke zuwa cikin kwalin sabon firji ko talabijin a cikin fetur, ya narke ya zama danƙo a liƙe hujin kwanon rufi da shi, to ka riga ka ga abin da zai faru, domin wannan kumfan folistirin ne, ba shi da bambanci da jikin rediyon sai dai an hura masa iska. Ƙyallin da mutum yake gani a daƙiƙun farko bayan ya shafa tina ba tsabta ba ce, saman robar ne ya yi laushi. Da zarar ya bushe sai ya koma fari-fari mai hazo. An taɓa kawo mini wata ƙaramar rediyo da aka yi wa haka: shatin babban yatsan wanda ya riƙe ta ya nutse a gefenta har ana iya ganin zanen fatarsa, zarurrukan tsumman da ya goge ta da shi kuma sun manne cikin robar, babu abin da zai fitar da su. Dauɗar da ka bari yau kana iya cire ta gobe, amma saman roba da ya narke ya tafi ke nan.

Kafin ka jiƙa ko da tsumma ɗaya, ya kamata ka san irin kayan da ke hannunka, saboda abin da muke haɗawa mu kira roba iri-iri ne, kuma abin da wata take jurewa shi ne yake kashe wata. Tsofaffin rediyoyi na shekarun 1930 zuwa 1950, irin na Philips da Bush da Ekco masu fitilun gilashi a ciki, da yawa daga cikinsu an yi jikinsu da bakalayit, robar da Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam da ke zaune a Amurka, ya samar a 1907. Ana gane ta da nauyi da kauri, launinta ƙasa-ƙasa ne ko baƙi, kuma idan ka goga yatsa a kanta da ƙarfi har wurin ya ɗumama, za ka ji wani wari mai kama da na maganin asibiti. Bakalayit ba ta narkewa da fetur, amma tana tsoron sabulu mai kaifi da daɗewa cikin ruwa. Bayan da rediyon tiransisto ta shigo kasuwa, daga Regency TR-1 ta Amurka a 1954 zuwa Sony TR-63 ta Japan a 1957, kamfanoni sun koma ga robobi marasa nauyi da ake narkarwa a zuba a cikin mazubin da ke ba su siffa, masu karɓar kowane launi. Taka, wadda kamfanin Matsushita na yankin Osaka a Japan ya ƙera, tana cikin wannan rukuni na biyu. Kuma ka sani ba kaya ɗaya ba ne a jikinta: akwai baƙar robar akwatin, akwai roba mai haske ta fuskar mitoci, akwai fenti ruwan azurfa, akwai rubutun da aka buga, wataƙila kuma akwai ragar alminiyom a gaban lasifika. Kowanne da irin lallashin da yake buƙata.

Ita dauɗar kanta hawa-hawa ce. A ƙasa akwai maiƙon hannu da man shafawa da gumi na shekaru masu yawa, musamman a mariƙi da maɓallin ƙara murya da na neman tasha. A kan wannan sai hayaƙi ya zauna, na itacen girki, na fitilar kananzir, na turaren wuta, na maganin sauro da ake kunnawa da dare, kuma shi ne yake ba dauɗar launin ƙasa-ƙasa da danƙo. Sai ƙurar hunturu ta zo kowace shekara ta manne a kan danƙon. Abin farin ciki shi ne kusan duk wannan maiƙo ne yake riƙe da shi, maiƙo kuwa ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi suna isarsa. Abin lura kuma shi ne ƙurar tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi robar tauri nesa ba kusa ba, saboda haka wanda ya ɗauki busasshen tsumma ya hau gurzawa, samfefa yake yi wa rediyonsa bai sani ba. Aikin farko shi ne kaɗe ƙurar da sabon buroshin fenti mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, kana bin lunguna da ramuka, ba tare da dannawa ba.

Wanki mai kyau ba ya yiwuwa sai an raba akwatin da kayan ciki, domin ruwa da fanel, wato allon da aka jera ƙananan kayan lantarki a kansa, ba sa ga maciji, takardar lasifika kuwa ɗigo kaɗan ya isa ya lanƙwasa ta. Ka cire batura, ka zare wayar lantarki idan tana da ita, sannan ka ɗauki hoton rediyon da wayarka ta kowane gefe, ka kuma ci gaba da ɗauka a duk matakin da ka cire wani abu. Maɓallan murɗawa yawanci zare su ake yi kai tsaye, amma ka fara duba gefensu ko akwai ɗan ƙaramin sukuru da ke riƙe su. Idan maɓalli ya ƙi fita, kada ka sa bakin sukuddireba a ƙarƙashinsa ka ɓanɓare, domin zai bar tabo a fuskar rediyon ko ya fasa maɓallin. Ka zura siririn ƙyalle ko igiyar takalmi ta bayansa, ka haɗa bakunan biyu, ka ja a miƙe a hankali. Sukurorin rediyoyin Japan suna kama da na giciye da muka saba, amma yankansu ya ɗan bambanta, kuma sukuddireba da bai zauna daram ba yana cinye kansu, don haka ka zaɓi wanda ya cika ramin, ka danna sosai kafin ka murɗa. Tsawonsu ma ba ɗaya ba ne. Ni nakan zana siffar bayan rediyon a kan kwali, in soka kowane sukuru a daidai inda ya fito, saboda dogon sukuru da aka mayar ramin gajere yana iya huda fuskar akwatin.

A ciki akwai abubuwa uku da nake roƙonka ka bar su yadda ka same su. Akwai baƙin sanda da aka naɗe da siririyar waya, ita ce eriyar matsakaicin zango, kuma tana karyewa da ƙaramin bugu. Akwai zaren da ke zagaye ƙananan tayoyi yana jan allurar tasha, wanda idan ya kwance mayar da shi aiki ne mai cin rai ko ga gwani. Akwai kuma ƙananan gwangwanaye masu kan sukuru mai launi ja ko rawaya ko baƙi a kan fanel. Waɗannan ba sukurorin ɗauri ba ne, da su aka daidaita kamun tasha tun daga masana'anta, kuma murɗa ɗaya daga cikinsu kaɗan ya isa ya sa rediyon da ke kama Landan da Kaduna ta koma shiru. Idan ka buɗe ka ga sai an cire dalma kafin fanel da lasifika su rabu da akwatin, babu laifi ka kai wa mai gyaran rediyo ya raba maka su, kai kuma ka koma gida da fankon akwatin ka yi wankin da kanka, domin wankin yana buƙatar haƙurin da ba kowane mai shago ne yake da lokacinsa ba. Ga wanda tasa mai fitilun gilashi ce, wannan ba zaɓi ba ne, wajibi ne: kwandensa, wato abin da ke tara wuta, a cikin irin waɗannan tana iya riƙe wuta mai ƙarfi bayan an kashe rediyon, wasu an haɗa ƙarfen cikinsu kai tsaye da wutar gida, wasu kuma akwai farin abin kare zafi na asbesto a cikinsu wanda shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu.

Kayan wankin ba su da tsada. Ruwan ɗumi wanda hannu zai zauna a ciki ba tare da damuwa ba, ɗigo biyar ko shida na sabulun ruwa na wanke kwanuka a cikin ƙaramin baho, tsohuwar singileti ta auduga da ta sha wanki ta yi laushi, buroshin goge baki mai laushi irin na yara, audugar goge kunne, da tsinken sakace. Kada ka yi amfani da omo, ko ruwan bilic, ko toka, ko kanwa, ko soson ƙarfe, ko koren soson wanke tukunya. Wasu suna da kaifin da ke dusar da launi da cin alminiyom, wasu kuma karce suke yi. Ruwan zafi ma ka guje shi, domin irin wannan roba tana iya karkacewa tun kafin ruwa ya kai tafasa, akwatin da ya karkace kuwa ba zai sake rufuwa daidai ba. Duk abin da za ka sa mata, ko da wannan sabulun ne, ka fara gwada shi a wurin da ido ba ya gani, kamar cikin murfin batir, ka jira ya bushe ka duba.

Ka fara da murfin baya, inda kuskure ba zai yi zafi sosai ba. Idan akwai takarda a manne a cikinsa, mai lambar ƙira ko zanen yadda aka haɗa wayoyi, kada ka tsoma shi cikin baho. Ka riƙe shi a hannu ka wanke da tsumma da aka matse, kana kewaye takardar, domin ita ce shaidar asalin rediyon kuma ita mai gyara zai duba wata rana. Ka jiƙa wuri, ka bar sabulun ya zauna minti biyu ko uku ya sassauta maiƙon, sannan ka share da sassauƙan hannu, ka juya tsumman zuwa wuri mai tsabta a kowace shara. Za ka ga ruwan ya koma launin shayi. Ka zubar ka sake sabo. Gara ka maimaita sau uku ko huɗu a hankali da ka nemi gamawa a zagaye ɗaya da ƙarfin damtse. Ramukan lasifika da layukan iska na baya buroshin goge baki ne maganinsu, ana bin tsawon layin, ba a gicciye ba, saboda siraran sandunan robar sun tsufa kuma suna karyewa.

Maɓallan murɗawa su ne suka fi kowane sashe dauɗa, kuma su ne suka fi faranta rai idan sun fito. Ka duba ɗaya da kyau a cikin haske: tsakanin kowane tsagi da na kusa da shi akwai wani baƙin abu da ya daskare har ya shafe tsagin, ya yi sumul, mutum ya zaci haka aka ƙera shi. Ka jiƙa su cikin ruwan sabulun kamar minti goma, sannan ka bi kowane tsagi da tsinken sakace, sai ka ga dauɗar tana fitowa tana naɗewa a bakin tsinken, tsagin ya bayyana da kaifinsa na asali. Allura ko reza ba su dace ba, itace ne kawai yake da laushin da ba zai yanki robar ba. Wanda yake da farantin alminiyom a kansa kada ya daɗe a ruwa, saboda gam ne yake riƙe farantin. Wanda kuma yake da ɗan zoben ƙarfe a ramin bayansa, ka busar da ramin sosai kada ya yi tsatsa.

Yanzu ga wurin da aka fi yin asara. Duk wani abu ruwan azurfa da ka gani a fuskar rediyon, ka ɗauka fenti ne har sai ka tabbatar ƙarfe ne. Masu ƙera rediyo na wancan zamani suna fesa wa roba fenti, ko su lulluɓe ta da ƙarfe siriri ƙwarai don ta yi kama da kurom, kuma wannan lulluɓin bai kai kaurin fatar albasa ba. Haka sunan kamfanin da kalmomin da ke kusa da maɓallai, bugawa aka yi a sama, ba sassaƙa ba. Bayan shekaru kusan hamsin na rana da gumi, riƙonsu ya yi rauni. A nan ba a sa buroshi, ba a sa sifirit, ba a gurzawa. Audugar goge kunne da aka tsoma a ruwan sabulu aka matse ita ce kayan aiki, kuma mirgina ta ake yi a kan rubutun. Bayan kowace mirginawa ka dubi kan audugar: idan launin ƙasa ka gani, dauɗa ce, ka ci gaba, idan ka ga fari ko azurfa, to fentin ne ya fara biyowa, ka tsaya nan take ka bar wurin haka. A ganina, harafin da ya rage da ɗan duhu a gefensa ya fi harafin da ya ɓace, kuma a nan ne masu son su ga komai fes suke zuwa neman gira su rasa ido.

Fuskar mitoci ta fi wannan ma haɗari, domin a rediyoyi da yawa ta bayan gilashin aka buga lambobin, wasu kuma da tawadar da ruwa zalla yake ɗagawa. Ka wanke gefen waje kawai, da tsumma mai laushi da ruwan sabulu. Gefen ciki, idan akwai rubutu a kansa, buroshi busasshe mai laushi ya ishe shi, ko hura iska. Sifirit yana sa irin wannan roba mai haske ta yi ƙananan tsage-tsage a cikin jikinta waɗanda ba sa gogewa, ruwan goge gilashin taga kuma yana dusar da ita. Ina kuma so ka duba wannan fuskar da kyau kafin ka taɓa ta. Dattawanmu da suka rayu da gajeren zango sukan sa alama a inda tashoshinsu suke, ɗan ɗigon biro ko jan farce ko ƙaramin karce a kan mita 16 ko 19 ko 25 ko 49, don kada su sha wahalar lalube da asuba. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, kuma mutumin da ya sayi rediyo a shekarun 1970 da wuya a ce ba ɗaya daga cikin waɗannan yake nema ba. Idan ka sami irin wannan alama, hannun mahaifinka ne ya sa ta, kuma ni ba zan lissafa ta cikin dauɗa ba.

Farin garin gidan batir yoyon batir ne da ya bushe, kuma yana ƙona fata, saboda haka ka sa safar hannu ta roba, kada kuma ka hura shi da baki ya shiga idonka. Maganinsa ya danganta da irin batirin da ya zuba. Batirin alkalin yana barin farin ɓawo mai gari-gari, kuma ruwan khal ko ruwan lemon tsami ne yake kashe shi: ka ɗiga kaɗan da audugar kunne, idan ka ga yana kumfa to shi ne, ka ci gaba har kumfar ta daina. Batura masu araha na zinki da gawayi, irin su Tiger Head da aka fi sani a kasuwanninmu, yoyonsu mai ɗan tsami ne, yakan bar danshi da jar tsatsa, kuma shi ruwan da aka narkar da ɗan bekin soda a ciki ya fi dacewa da shi. Ko wanne ka yi, ka bi da ruwa mai tsabta a kan auduga, ka busar. Naɗaɗɗiyar wayar nan mai danne batir da farantan ƙarfen da batir ke taɓawa kana iya kankare su da samfefa mai laushi har ƙarfen ya haska, kuma nan ne kaɗai wurin da zan yarda ka sa ɗan sifirit, a kan ƙarfen, ba a kan robar ba. Ka bi wayoyin da suka tashi daga nan da ido. Idan ka ga kore-kore a inda aka liƙa su da dalma, yoyon ya bi cikin wayar, sai mai gyara ya sauya ta.

Bayan wanki sai ɗauraya, domin sabulun da ya bushe a kan baƙar roba yana barin farin shati. Ruwan rijiya ko na burtsatse a wurare da yawa yana da gishiri-gishiri da ke barin tabo, don haka ɗaurayar ƙarshe ta fi kyau da tataccen ruwan nan da ake sayarwa don ƙara wa batirin mota, amma ka tabbatar ruwan ne zalla, ba mai asid ba. Ka tsane da busasshen ƙyalle ta hanyar dannawa, ka girgiza ruwan da ya maƙale a ramukan sukuru, sannan ka ajiye sassan a inuwa inda iska ke wucewa har kwana ɗaya ko biyu. Kada ka shanya su a rana, ko kusa da murhu, ko ka sa musu na'urar busar da gashi.

A wannan matakin ne za ka ga ainihin halin da robar take ciki. Sau da yawa baƙin yakan dawo da kansa, domin tokar da kake gani ƙura ce kawai. Idan ya rage da dushewa, to rana ce ta ci saman, ko kuma ƙananan karce ne suka taru suna warwatsa haske. A wuri mai santsi wanda babu fenti ko rubutu, ana iya gogewa da man goge roba irin Novus mai lamba 2, ko, idan babu shi, farin man goge baki na gargajiya wanda ba jel ba, ɗan kaɗan a kan auduga mai danshi, ana zagayawa a hankali, sannan a share da ruwa. Wannan yana taimaka wa gefen waje na fuskar mitoci ma. Amma ka tuna gogewa cire wani siririn sashe na robar ne, don haka wurin da aka yi masa ƙyasbi-ƙyasbi ko zanen fata tun daga masana'anta ba a goge shi, in ba haka ba zai yi sanƙo mai ƙyalli a tsakiyar wuri marar ƙyalli. Karce mai zurfi da farce yake maƙalewa a ciki, shawarata ka bar shi. Brasso, man goge ƙarfe, wasu suna amfani da shi, kuma yana aiki a kan bakalayit da eriyar ƙarfe, sai dai yana ɗauke da amoniya da man fetur-fetur, don haka ba na sa shi a kan folistirin ko kusa da fenti. Abu na ƙarshe shi ne kakin goge mota mai kyau wanda babu garin karce a cikinsa, a shafa siriri, a bari ya sha iska, a goge da ƙyalle mai laushi. Yana zurfafa baƙin, yana kuma hana ƙura kamawa. Man gyaɗa, da basilin, da baƙin mai, da feshin da ake sa wa gaban mota, duk suna ba da ƙyalli na yini ɗaya, sannan su zama sabon danƙon da ƙurar bana za ta zauna a kai.

Mai rediyon bakalayit ya ƙara kiyaye abu ɗaya. Ƙyallinta siririyar fata ce a sama, a ƙarƙashinta kuwa an cakuɗa robar da garin itace. Idan sabulu mai kaifi ko gurza ta cinye fatar, garin itacen zai bayyana, ya sha ruwa, wurin ya yi kaushi, kuma babu gogewar da za ta dawo da shi. Saboda haka ba a jiƙa ta, shafawa ake yi da tsumma mai danshi a busar nan take, sannan a sa kaki. Mai farar rediyo da ta koma rawaya kuma zai ji labarin hanyar da masu tara tsofaffin kwamfutoci suka yaɗa wajen 2008, ta shafa haidirojin feroksaid a ajiye a rana. Tana fararrawa, amma rawayar takan dawo bayan 'yan shekaru, kuma idan maganin bai zauna daidai ba yakan bar dabbare-dabbare. A kan baƙar roba ko mai launi kuwa ɓarna ce zalla, don haka kai ba ta shafe ka ba.

Idan akwai ragowar gam na sitika ko salatif, ɗigon man girki a kan wurin na ɗan lokaci yana sassauta shi, sai a ture da farce ko gefen tsohon katin roba, a wanke man da sabulu nan take. Ɗigon fentin bango yakan ɓalle da tsinke bayan ya jiƙa. Amma idan ka ga wani shati mai zurfi kamar sawun igiya a jikin akwatin, wannan ba dauɗa ba ce: wayar lantarki ko ta abin sa wa kunne ce aka naɗe a jikin rediyon aka ajiye, sinadarin da ke sa wayar laushi ya tsotsa cikin robar ya narkar da ita. Ba ya wankuwa, sai dai a kiyaye gaba.

Wajen mayarwa, ka bi hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko. Ginshiƙan robar da sukurori ke shiga sun bushe da tsufa, kuma sukurun da ya yanki sabuwar hanya yana tsaga su. Ka ɗora sukurun a bakin ramin, ka murɗa shi baya a hankali har ka ji ya ɗan faɗa, alamar ya sami tsohuwar hanyarsa, sannan ka murɗa gaba, ka tsaya da zarar ya zauna ba tare da ƙara ƙarfi ba. Idan ka tarar da tsaga, kada ka sa sufa gulu kusa da fuskar mitoci, domin tururinsa yana barin farin hazo a kan roba mai haske. Daga nan sai ajiya: a cire batura duk lokacin da za ta yi mako biyu ba a kunna ba, a naɗe wayarta daban a cikin takarda, a nisanta ta da taga da hayaƙin kicin, a rufe ta da ƙyallen auduga maimakon leda mai tara gumi. Idan tana da rigar fata irin wadda dukawa suke ɗinkawa, a riƙa cire ta lokacin damina ana shanyawa a inuwa, saboda fata tana riƙe danshi tana yin fumfuna. Idan kuma ka kunna ta ka ji tana ƙarar ƙwaras-ƙwaras lokacin da kake murɗa maɓallin murya, ba wankinka ne ya jawo ba, ƙura ce a cikin maɓallin kansa, kuma mai gyara zai fesa masa maganin da aka yi musamman don wannan aiki, ta bayan fanel, nesa da robar da ka gama wankewa.